Ƙirƙira, Kwaikwayo da Kayan Aro: Amsa ga Masu Zanen Daji da Duwatsu a Kwamfuta

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karon sun zo ne daga matasa masu zane, irin waɗanda ke zana daji da duwatsu da koguna a kan kwamfuta ko allon hannu, wato na'ura mai faffaɗan gilashi irin iPad. Na ɗauki uku daga ciki, domin damuwarsu ɗaya ce ko da yake kowa da inda ya ɓullo mata.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Kano. Ta ce: "Malam, aikin da nake yi da alƙalamin roba a kan gilashin na'ura, zane ne ko fenti? Kuma me zan kira hoton da babu mutum a ciki, sai fili da itatuwa da sama?"

'Yata, ki ce zane, kin gama. Ki dai ja wasalin farko, don kada ya koma zanen ɗaurawa, wanda nasa wasalin gajere ne. Zana shi ne jan layi a kan wani abu, ko a ƙasa da yatsa, ko a ƙwarya da wuƙa, ko a kumatu da askar wanzami. Gilashin na'urarki bai fita daga wannan ma'ana ba. Fenti kuwa aro ne daga Turanci, kuma Bahaushe ya fi saninsa a jikin bango da ƙyaure da mota. In kin ce ke mai fenti ce, za a nemi ki zo ki shafe ɗakin amarya. Zayyana ta fi karkata ga ado, kamar wadda magina ke yi a fuskar soro.

Hoton fili da itatuwa da sama, ni "zanen shimfiɗar ƙasa" nake ce masa. Kada rashin kalma guda tilo ya dame ki. Turawan Ingila ma aro tasu kalmar suka yi daga masu zanen ƙasar Holan wajen shekarar 1600. Wannan reshe na zane yana da wata daraja a wurinmu, domin ya zo a ingantaccen hadisi cewa wani mutum da ke cin abinci da yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, sai ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi na itatuwa da abin da ba shi da rai. Hukuncin dalla-dalla na malaman fiƙihu ne, amma ki san cewa fagen da kika zaɓa mai faɗi ne.

Ta biyu ita ce mai nauyi. Wani matashi daga Zariya ya rubuto cewa ya shekara biyu yana koyon zane ta bidiyon koyarwa a intanet. Ya zana dutsen Kufena, ya nuna wa wani dattijo mai zane, dattijon ya duba ya ce masa: "Kama da wane ba ta wane." Shi ne yake tambaya, me karin maganar ke nufi, kuma mene ne bambancin ƙirƙira da kwaikwayo, tunda dutsen ba shi ya yi shi ba, manhajar ma ba shi ya yi ta ba.

Ɗana, kalmar "kama" a nan suna ce, kuma ta mace, shi ya sa aka ce "ba ta". An taƙaita maganar ne, cikakkiyarta ita ce kama da wane ba ta sa mutum ya zama wane. Akan faɗe ta idan abu ya ɗauko siffar wani abu amma bai ɗauko ainihinsa ba. Dattijon bai zage ka ba. Ya ga hannun malaman da ka koya a wurinsu, bai ga naka ba tukuna.

Tunda ka haɗo da hoton aikin, bari in faɗa maka abin da na gani. Ka yi wa duwatsun nesa launin shuɗi mai sanyi, ka yi sama garau, ciyawa kuma kore shar har gindin dutse, alhali ka rubuta a ƙasa cewa watan Janairu ne. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan garin Zariya cikin hunturu ya san ba haka idonsa ya gani ba. Hazo yana cinye nesa. Dutsen da ke can baya fari-fari yake komawa, mai ratsin toka, har gindinsa ya ɓace a bar kansa kawai yana reto. Rana takan zama kamar faifai, kana iya kallonta ba ka runtse ido ba. Ciyawa ta bushe ta koma ruwan ƙasa, ga baƙin tabo inda aka yi ƙuna. Shuɗin da ka sa gaskiya ne a ƙasashen da iskarsu ke da danshi, can malamanka na bidiyo suka gan shi. Kai kuma ka ɗauko shi ka ɗora wa Kufena. Nan kwaikwayon yake.

Kwaikwayo ba aibi ba ne a matakin koyo. Yaro da kwaikwayo yake iya magana, almajiri da kwaikwayon rubutun malam yake iya riƙe alƙalami. Muna ma da kalmar "koyi", wadda ta fi shi mutunci, don ita bin sawun na gari ce da sanin dalili. Inda kwaikwayo ke zama illa shi ne mutum ya tsaya a nan, yana maimaita abin da bai san dalilin yinsa ba.

Ita kuwa ƙirƙira, kada ka haɗa ta da halitta. Halitta samar da abu ce daga babu, kuma wannan na Allah ne shi kaɗai. Kunnen Bahaushe yana jin ƙira a cikin ƙirƙira. Maƙeri bai yi ƙarfe ba, bai yi wuta ba, zugazugan ma gado ya yi. Amma manomi na ɗaukar fartanya ya ce wannan ƙirar wane ce, don ya san yadda wane ke lanƙwasa bakinta. Saboda haka cewar da ka yi ba kai ka yi dutse ba, ba kai ka yi manhaja ba, ba ta hana aikinka zama ƙirƙira. Abin tambaya shi ne, cikin dubban shawarwarin da ke cikin zane ɗaya, nawa ne idonka ya yanke, nawa ne ka karɓo a yanke?

Akwai mutumin da ya kamata ka san labarinsa, wato David Hockney, mai zane ɗan Ingila da aka haifa a garin Bradford a 1937. Ya riga ya yi suna da buroshi da launin mai shekaru da dama kafin ya taɓa allon hannu. Wajen 2009 ya fara zane da babban yatsansa a kan wayar iPhone, yana zana furanni da fitowar rana ta tagar ɗakinsa a garin Bridlington, yana aika wa abokai. Da iPad ta fito a 2010 sai ya koma kanta, da wata manhaja mai suna Brushes, wadda kowa ke iya saukewa a lokacin. Daga farkon 2011, yana da shekara 73, ya dinga zuwa wata 'yar hanyar karkara da ake kira Woldgate a gabashin Yorkshire, yana zana yadda itatuwa ke fita daga sanyi suna toho. Hanya ɗaya ce, itatuwan su ne dai na jiya, amma yau akwai kududdufi a tsakiyar hanya, gobe ya ƙafe, jibi farin fure ya rufe shinge. An buga 51 daga cikin zanen a manyan takardu, aka baje su a zauren Royal Academy da ke Landan a 2012. A 2020, lokacin kullen korona, ya sake yin irin wannan aiki a gidansa da ke Nomandi a Faransa, inda aka fitar da zane 116.

Dubban mutane suna da irin na'urarsa da irin manhajarsa. Abin da ya bambanta shi shi ne ya je ya zauna ya duba. Ya ce abin da ya ja shi ga na'urar shi ne sauri, domin haske ba ya jiran mai zane ya dama launi. Kafin shi ma haka Claude Monet ya yi a Faransa tsakanin 1890 da 1891, ya zana tarin damman alkama da ke kusa da gidansa har sau 25, da safe da yamma, da rani da lokacin ƙanƙara. Ba wanda ya ce Monet ya rasa abin zanawa. Hausawa sun riga sun faɗa, gani ya kori ji, kuma zuwa da kai ya fi aike.

Shawarata gare ka, ɗana, ka rufe bidiyon na ɗan lokaci. Ka ɗauki allonka ka tafi Kufena da sassafe, ka koma da la'asar, ka koma bayan ruwan farko. Kada ka ɗebo launi daga hoton waya da ɗan abin tsotson launi da ke cikin manhaja, ka haɗa shi da idonka, ko da za ka kuskure. Na fi son in ga toka-tokar da ka gani da kanka, ko ba ta yi kyau ba, a kan shuɗin da ka aro. Ka kuma tuna a garinku ne, a 1958, wasu ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Matsayarsu ita ce za su karɓi dabarun Turawa, amma da idon gida za su yi aiki. Tambayarka ta girme ka, kuma a Zariya aka taɓa amsa ta.

Ta uku daga wani mai karatu ne a Maraɗi. Ya ce shi yakan yanko sama daga wannan hoto, dutse daga wancan, ya haɗa su a manhajar gyaran hoto ta Photoshop ya bi su da buroshi. Wani lokaci kuma yakan rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira abin da yake so ta fitar masa. Abokinsa ya ce masa "kayan aro ba ya rufe katara". Yana son ma'anar katara, da kuma ko abin da yake yi satar fasaha ne.

Malam, katara ita ce gefen cinya ta sama, wajen da ta haɗu da ƙugu. Tufar da aka aro ba don jikinka aka ɗinka ta ba, don haka duk yadda ka ja ta sai ta bar wani wuri a buɗe, ga shi kuma mai ita na iya cewa a ba shi kayansa a tsakiyar taro. Karin maganar ba ta haramta aro ba, gargaɗi take kada a dogara da shi.

A zane kuwa, katarar da ke fitowa ita ce haske. Saman da ka yanko an ɗauke shi rana tana dama, dutsen an ɗauke shi rana tana hagu, sai inuwa ta rasa inda za ta faɗi. Mai ido yana gani nan take. Ƙwararrun da ke zana wuraren finafinai da wasannin kwamfuta suna yin irin wannan haɗe-haɗe, kuma sana'a ce karɓaɓɓiya. Tun da Photoshop ta fito a 1990, musamman bayan an ƙara mata dabarar jera aiki shafi bisa shafi a 1994, abin ya zama ruwan dare. Sai dai su sun iya zane tun kafin su fara yanka, shi ya sa suke iya mayar da guntayen ƙarƙashin rana ɗaya.

Tsakanin aro da sata, Hausa ba ta bar ruɗani ba. Aro da sanin mai abu ake yi. Hoton da ka ɗauka da wayarka naka ne. Wanda mai shi ya saki don kowa ya yi amfani da shi, ko ka saya, ko ka nemi izini, aro ne. Wanda ka ɗauko daga shafin wani mai ɗaukar hoto, ka shafe sunansa ka sa naka, wannan shi ne satar fasaha, ko da ka bi shi da buroshi sau ɗari. Kalmar fasaha daga Larabci take, asalinta iya magana da bayyana ma'ana sarai, Hausa ta faɗaɗa ta zuwa gwanintar hannu da ta tunani. Wanda ya saci fasaha, wahalar wani da basirarsa ya ɗauke.

Batun manhajar da ake rubuta wa umarni kuwa, ga abin da ya faru a Amurka. A 2022 wani mutum mai suna Jason Allen ya ci gasar zane a bikin baje kolin jihar Kolorado da hoton da manhajar Midjourney ta fitar masa. Da ya nemi a yi masa rajistar haƙƙin mallaka, ya bayyana cewa ya rubuta umarni ya gyara aƙalla sau 624. Duk da haka, a watan Satumba na 2023 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi, bisa hujjar cewa abin da manhajar ta samar ba aikin ɗan Adam ba ne. Wannan hukuncin ƙasarsu ne, amma harshenmu ma ya raba. Wanda ya kai yadi wurin tela ya faɗi irin ɗinkin da yake so, cewa yake "na ba da ɗinki", ba ya cewa "na ɗinka". Idan manhaja ce ta fitar, ka ce "na sa an fitar mini", ka ajiye "na zana" ga abin da hannunka ya ja.

In kana son hujjar da za ta kare ka ranar da aka yi maka zargi, manhajoji irin su Procreate suna naɗar bidiyon aikin tun daga layin farko har na ƙarshe. Ka bar wannan a kunne, ka kuma adana shafukan aikinka ba tare da ka haɗe su ba. Duk wanda ya ce ba kai ka yi ba, sai ka buɗe masa ya ga inda ka fara, da inda ka goge, da inda ka sake shawara.

Sauran tambayoyin da suka shafi sunayen launuka, musamman bambancin shuɗi da algashi da tsanwa, za su zo a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.