Takalman nutso: a tudu ko a ruwa?

Tambaya: Malam, na fara koyon nutso da tukunyar iska. In zan shiga ruwa mai kwanciya daga gaɓa, a tudu zan sa takalman nutso, waɗannan masu faɗi kamar ƙafar agwagwa?

Amsa: A'a ƙanwata, sai kin shiga. Tukunya cike takan kai kilo 15, ga nauyin dalma a ɗamara; tafiya da faffaɗan takalmi a yashi neman faɗuwa ne. Ni dai tun a tudu nake ɗan hura rigar iska (wadda ke taimaka wa mai nutso ya yi yawo a saman ruwa), gilashi a fuska, bututun numfashi a baki, takalma a hannu. Da ruwa ya kai ƙugu, ki dafa kafaɗar abokiyar nutsonki, ki sa su ɗaya bayan ɗaya. In kin ƙara taku bayan nan, da baya za ki yi.