Kun Tambaya: Kuɗin Masu Sauraro da Wahalar Hanya

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan podkas ɗin (shirin sauti na intanet) da nake yi na hira da tsofaffin masu sana'ar hannu suka tsaya, da tafiye-tafiyen da shirin yake ja mini. Na zaɓo huɗu.

Tambaya daga wata Hajiya a Maraɗi: Malam, ina cikin masu aiko maka da jika biyu ta sefa duk wata. Tun kafin azumi ka yi mana alkawarin hira da wani tsohon baduku na garinmu, har yau shiru. Lafiya dai ko?

Hajiya, kina da haƙƙin yin wannan tambayar, kuma kamata ya yi a ce ni na fara yin bayani kafin ki tambaya. Ga yadda aka yi.

Ina idar da sallar asuba na nufi tasha a Kano. Lissafina shi ne in isa Katsina da hantsi, in kama motar Jibiya, in tsallaka ta Magama da Ɗan Isa, in yi la'asar a Maraɗi. Na tarar da mota kamar saura mutum biyu ta cika, na biya na zauna. Ashe rabin waɗanda ke ciki ba matafiya ba ne, 'yan kamasho ne suka zaunar da su don a ga mota ta kusa tashi. Duk fasinjan gaskiya da ya zo sai ɗaya daga cikinsu ya zame ya fita. Ba mu bar tasha ba sai wajen ƙarfe sha ɗaya.

Mun wuce Bichi, ba mu kai Tsanyawa ba, sai hayaƙi ya turnuƙe daga gaban mota. Direba ya ɗaga bonet, lagireto yana tafasa kamar tukunyar ɗanwake, fambel ya tsinke. Yaron mota ya hau ɗan acaɓa ya tafi neman bakanike. Mu kuwa muka rarrabu a gindin wata darbejiya, wata mata da goyo tana yi wa jaririnta fifita da gefen mayafi, wani dattijo yana ta duba agogo saboda ɗaurin auren da zai halarta. Sai bayan magariba muka shiga Katsina. Ke ma kin san halin da hanyar Jibiya take ciki, mai hankali ba ya bin ta da dare. Na nemi masauki.

A ɗakin ne na buɗe jaka. Da safe an karɓe ta an cusa a but, an ɗora jarkar manja a kanta, murfin jarkar kuma bai rufu da kyau ba. Soson makirfo ya yi jawur, manja ya bi ta ramin batir ya shiga cikin rikoda. Na goge da tsumma, na kunna, ta kawo haske sau ɗaya ta ɗauke.

A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Ina da waya a aljihu, kuma waya tana ɗaukar murya. Maimakon in ƙarasa Maraɗi in yi hirar da ita, sai na ce sautin ba zai yi kyau ba, bari in koma Kano in gyara kayan aiki in dawo. Na manta da cewa da babu gara ba daɗi. Gyara ya ci mako uku. Ranar da na kira ɗan badukun don mu sa sabuwar rana, ya ce mini an yi sadakar bakwai ɗin Baba shekaranjiya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Dama can mun yi asarar watanni, domin tun Agustan 2023 aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Amma wannan na ƙarshe ba laifin iyaka ba ne, nawa ne. Kuɗinki na waɗannan watannin sun shiga kuɗin mota da masauki da gyaran rikoda. Ki yafe mini shirun da na yi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Yaya, ina so in fara nawa shirin, amma ina jin nauyin in ce wa mutane su turo kuɗi. Ba maula ba ce?

Ƙanena, ba maula ba ce. Mai maula yana karɓa ne ba tare da ya ba da komai ba. Kai kuwa aiki za ka yi, wanda ya ji daɗinsa ya taimaka ya ci gaba. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun sayi katin gaisuwa na Zaɓi Sonka da kuɗinsu don a ambaci sunayen 'yan uwansu a rediyo, sun kafa ƙungiyoyin masu sauraro tun kafin a san intanet. Bahaushe ya daɗe yana ɗaukar shirin da yake so kamar nasa.

Abin da zai raba ka da zargi shi ne lissafi. Ni a shirin ƙarshen kowane wata nakan ware minti biyar in karanta abin da ya shigo da abin da ya fita: mota, data, masauki, goron da na kai wa wanda na yi hira da shi. Ba na ambatar sunan mai bayarwa sai da izininsa. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Na fito na ce wa masu sauraro tafiya biyu a wata ta gagara, sai ɗaya. Ba wanda ya janye, wasu ma ƙari suka yi.

Kada ka ɗora zuciyarka a kan Patreon don ka ji Turawa da shi suke tara tallafi. Yawancin masu sauraronka ba su da katin da zai biya a can. Lambar asusun banki, ko OPay, ko mai POS na bakin layi, su ne hanyar. Na Nijar kuwa, wani ɗan kasuwa da ke sarin atamfa a Kantin Kwari ne yake tattaro mini nasu idan zai shigo Kano. Ka buɗe asusu daban, kada kuɗin shiri ya haɗu da na cefane ko da na kwana ɗaya ne.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Gombe: Wane kaya kake tafiya da su, kuma yaya kake kare su?

Malama, rikoda ƙarama, makirfo biyu, batir na ajiya da abin cajin waya. Tun ranar manjan nan jakar ba ta sake shiga but ba, a cinyata take zama ko da za a ce in biya kujera biyu. Ina gama hira nake kwafe ta a waya kafin in tashi daga tabarma. Lokacin hunturu iska tana ɓata sauti, don haka a zaure nake roƙo mu zauna. Idan masauki na da janareto mai ƙara, nakan lulluɓa da bargo in karanta gabatarwa. Sannan ki matse sautin kafin ki saki: idan aka yi shi daidai, shirin minti 30 ba ya wuce megabait 15, kuma murya tana fita tas. Wanda yake sayen data ta naira ɗari zai iya saukewa, ya tura wa wani ta WhatsApp.

Tambaya daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kaduna: Ɗana, wannan wahalar ta yi yawa. Me zai hana ka nemi wani babban mutum ya ɗauki nauyin shirin, ka huta?

Baba, na gode da tausayawa, Allah ya ƙara girma. An taɓa yi mini tayin. Wani mai neman kujera ya aiko a ce mini zai sayi mota ya ba ni, in dai zan riƙa buɗe kowane shiri da gaishe shi, in kuma guji duk maganar da za ta taɓa gwamnatin da yake goyon baya. Na kwana biyu ina juya abin a raina, domin ranar da aka kawo tayin ban daɗe da dawowa daga wata tafiya da na yi rabinta a bayan a-kori-kura ba.

Amma Baba, ka san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsofaffin nan da nake zama da su ba labarin sana'a kaɗai suke bayarwa ba. Marini zai gaya maka yadda atamfar waje ta kashe masa kasuwa, masaƙi zai kawo maganar masaƙun Kaduna da aka rufe, kuma a cikin maganar akwai sunayen masu mulki. Idan na karɓi mota, dole in yanke wannan wurin, kuma shi ne wurin da muryarsu take rawa.

Akwai wani mai shayi da yake turo mini naira 500 duk Juma'a, bai taɓa cewa in gaishe shi ba. Irin kuɗinsa ne za su kai ni Maraɗi a wata mai kamawa, in Allah ya yarda. Ɗan marigayi badukun nan ya gaji sana'ar, ya ce kayan aikin mahaifinsa suna nan a rumfa yadda ya bar su, kuma ya amince mu zauna ya faɗa mini abin da ya riƙe daga bakinsa. Wannan karon a Katsina zan kwana tun jajibiri, in kama motar Jibiya ta farko.