Me ya sa maganin tarin fuka ya daina yi masa aiki?

Tambaya: Likita barka da aiki, yayana ya sha maganin tibi wata uku ya ji sauƙi ya ajiye, yanzu tarin ya dawo wai maganin ba ya kamawa, jikinsa ne ya saba da shi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa. Ba jikinsa ba ne, ƙwayar cutar ce ta sauya. Cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke huhu akan samu 'yan kaɗan da ƙwayar gadonsu ta ɗan canza, in canjin ya faɗa kan wadda ake kira rpoB sai rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi, ya kasa riƙe inda ya saba a jikin ƙwayar cutar, in kuma wadda ake kira katG ce, ɗayan babban maganin, isoniazid, ba ya ma fara aiki don ƙwayar cutar ce da kanta ke kunna shi ta hanyar katG ɗin, to da ya yanke magani kafin wata shida sai waɗannan masu taurin kan suka samu fili suka hayayyafa. Kuma wanda ya ɗauka daga gare shi irinsu zai ɗauka, wannan ne abin tsoron.

Ku je a gwada majinarsa da GeneXpert, na'urar da ke gano tibi da ko ya bijire wa rifampicin, in ya bijire akwai wasu magungunan daban. Don Allah kar a sayo a kemis.