TAMBAYOYINKU: Tabon harsashi na jikin Baba amma babu shi a takardar soja

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni 'yarka ce daga unguwar Birni nan Damagaram. Mahaifinmu tsohon sojan Faransa ne, an ɗauke shi tun kafin a samu mulkin kai aka kai shi yaƙin Aljeriya, can harsashi ya same shi a cinya har yau da sanda yake tafiya kuma in sanyi ya shigo wlh ba ya barci. To da muka buɗe karnensa, wato ɗan littafinsa na aikin soja, babu inda aka rubuta an harbe shi, ba madayi, wato lambar yabo, ba komai, abokansa da suka ji ciwo irin nasa wasu sun samu wasu har kuɗin rauni suka ci kafin su rasu. Shi cewa yake a bar wa Allah amma ni abin na ci mini rai. Dan Allah ana iya gyarawa ko lokaci ya wuce?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Lokaci bai wuce ba. A dokar Faransa neman fanshon rauni na soja ba shi da wa'adi, ko bayan shekara 60 ana karɓar dosiye, wato tarin takardun nema, sai dai kuɗin daga ranar da aka ajiye takardar nema ake fara lissafa shi ba daga ranar da aka ji ciwon ba, shi ya sa nake cewa kada ku kwanta a kai, duk watan da ya wuce ya wuce ke nan.

Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne kada ki bi madayi, ki bi rubutu. Mutanenmu da yawa nan suke ɓata, su rubuta doguwar wasiƙa suna roƙon a ba tsoho lambar yabo, su haɗa da hoton tabo, a mayar musu da amsa layi biyu. Su hukumomin Faransa can tabo kaɗai ba ya musu magana don tabo ba ya faɗin ranar da aka yi shi ko wanda ya yi shi. Madayin waɗanda suka ji rauni a yaƙi, mai jan tauraro, asalinsa alama ce da aka ƙirƙiro a 1916 lokacin yaƙin duniya na farko, sai a watan Agusta 2016 doka ta mayar da shi cikakken madayi, kuma abin da dokar ta ce shi ne likitocin soja su tabbatar da raunin sannan ma'aikatar tsaro ta amince raunin yaƙi ne. Da an amince an shigar da shi cikin takardar aikinsa shikenan yana da ikon ɗaura shi, ba sai an yi biki wani babba ya maƙala masa ba. Har ciwon da ba a gani da ido, na ruɗewa da firgita, dokar ta sa shi ciki.

Akwai bambanci kuma da ya kamata ki sani. Raunin yaƙi shi ne wanda ya fito daga hannun abokan gaba a wurin faɗa, harsashi ko gurneti ko nakiya. In mota ce ta kife da su a hanya ko bindigar abokinsa ta tashi a bariki, wannan raunin bakin aiki ne, yana iya jawo fansho amma ba wannan madayin ba. To ki zauna da Baba yau ɗin nan, bayan la'asar in ya samu natsuwa, ki kunna wayarki ki ɗauki muryarsa. Wace bataliya, wane kamfani, sunan kaftin ɗinsu ko sajan, wane gari ko dutse, da rani ne ko da sanyi, kafin azumi ko bayan salla, wa ya ɗauke shi, da mota ko da jirgi, wane asibiti aka kwantar da shi, kwana nawa. Tsofaffi ba sa riƙe kwanan wata na Nasara amma suna riƙe irin waɗannan, kuma da su ake gano shafin da ake nema. Wannan aikin ya fi kowace wasiƙa gaggawa, ba sai na faɗa miki dalili ba.

Daga nan sai takardu. Karnen da ke hannunku ba shi ne uwar takarda ba. Akwai wata da ake kira état signalétique et des services, a baki ESS, ita ce ke jera ranar ɗaukarsa, inda aka kai shi, yaƙe-yaƙen da ya yi, rauni da lambobin yabo. Ta sojojin Afirka da suka yi wa Faransa aiki ana nemanta a cibiyar ajiyar takardun sojoji ta CAPM da ke garin Pau. Sau da yawa abin da babu a karne sai a same shi can, don karne a aljihu yake yawo, magatakardan bataliya kuwa in ana tsakiyar wuta ba kullum yake bin kowa ya cika masa nasa ba. In ESS ɗin ma shiru, sai a nufi ajiyar takardun asibitocin soja, SAMHA, a garin Limoges, can ne rajistar shiga da fita asibiti take da takardar kwanciya da bayanin likitan da ya yi aikin. Sannan kowace bataliya tana da littafin da ake rubuta tafiye-tafiyenta da faɗan da ta yi rana-rana, waɗannan suna Vincennes kusa da Paris, in ranar da Baba ya faɗa ta yi daidai da ranar da littafin ya ce an yi arangama an samu masu rauni to kin samu shaida mai ƙarfi. Maganar kuɗin rauni kuma ofishin fanshon sojoji na La Rochelle ne, kuma sai nakasar ta kai kashi 10 cikin 100 ake biya.

Inda za ki sha wahala shi ne suna. Masu ɗaukar soja na wancan zamani yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, wani a sa masa sunan garinsu a madadin na uba, shekarar haihuwa kuma "né vers" kawai, wato wajajen shekara kaza. Don haka lambar matirikil ɗinsa, wato lambarsa ta soja, da shekarar ɗaukarsa da wurin da aka ɗauke shi su ne gaba da suna, ki rubuta su manya a kowace wasiƙa. In sunan karne ya saɓa da na katin ɗan ƙasa ku je meri, wato ofishin magajin gari, ko gidan alƙali a yi muku takardar da ke shaida cewa mutum ɗaya ne. Wasiƙar da Faransanci za a yi ta, da sunan Baba da sa hannunsa ko dangwalen yatsa, musamman ta asibiti don sirrin lafiya ba a ba kowa sai mai shi ko magadansa. Kuma dan Allah kada asalin karnen nan ya bar gida, fotokofi za a yi a buga masa hatimi a aika. Ki sa shi a leda cikin akwatin ƙarfe, gara ba ta san darajar takarda ba.

Maganar Baba ta a bar wa Allah na fahimce ta, mutanen nan an gajiyar da su. Dokar ƙarshen 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci, Bafaranshe na cin nasa yana ƙaruwa na Afirka na tsaye wuri ɗaya, sai da wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu, aka daidaita fanshon rauni a 2007, sauran kuma daga 2011. Shi kansa yaƙin Aljeriya na 1954 zuwa 1962 sai a 1999 Faransa ta yarda a hukumance ta kira shi yaƙi. Wanda ya ga wannan duka dole ya yi sanyi. Amma neman hakki ba rashin tawakkali ba ne, ki faɗa masa cikin ladabi jininsa ne ya zuba, kuma jikokinsa suna da hakkin su gani a rubuce.

Yanzu hanya ta ƙara tsawo tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi a farkon 2024, don haka ku fara da ofishin tsoffin sojoji da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta nan Zinder, su suka san ta inda dosiye ke bi a halin yanzu, wasiƙun neman takardu kuma a aika kai tsaye ta gidan waya ko ta hannun ɗan'uwa da ke can. Ki yi kaye guda, wato littafin rubutu, ki riƙa rubuta ranar da kika aika da ranar da amsa ta zo, tana iya ɗaukar watanni. Duk wanda ya ce ki kawo jika kaza ya san wani a ciki, ki rabu da shi. In an ƙi a karon farko ki karanta ƙasan takardar da kyau, nan ake rubuta inda ake ɗaukaka ƙara da wa'adinsa, wannan wa'adin kam ba a wasa da shi.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke cikin kaki yau, waɗanda suka ji ciwo a Bosso ko Diffa ko yankin Tillaberi, hukumarku daban ce dokarku daban, ta ƙasarmu ce, amma kafin ku bar asibiti ku karɓi takardar likita da rahoton shugabanku mai kwanan wata da wuri, ku tabbata an shigar cikin dosiyenku, ku ba iyali kwafi su ajiye.

'Yata in amsar Pau ta zo ki sake rubuto mini abin da ke cikinta mu duba mataki na gaba tare. Ki gaishe mini da Baba da kyau.