Ga ƙanwata da ta ce kanta ya ƙi yin shiru

Assalamu alaikum. Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce yaranki uku ga aiki, da dare jiki ya gaji liƙis amma ido ya bushe, sai ki yi ta saƙa da warwara har a kira assalatu, kuma duk wanda kika kai wa kuka sai ya ce ki cire damuwa a ranki. Kika ce to ta ina ake cirewar? Da na zo nan sai da na yi murmushi, don ni ma an sha faɗa min haka, kai ka ce damuwa ƙaya ce da za a sa allura a ɓanɓaro ta.

Ni abin ya same ni ne a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Ni ce uwar adashin layinmu, zubin mako-mako. Takardar naira ta yi ɓatan dabo. Mai zubi ta ce ta yi tiransifa, ni ban ga alat ba, mai kwasa kuma tana bakin ƙofa tana kwaɗa sallama. Idan kuɗin ya shigo, mai POS sai ya yanki nasa mai tsoka kafin ya miƙo miki naki. Ga mahaifiyata a kwance ni ke jinya, ga makaranta da safe. Sai da ta kai ina zuba gishiri sau biyu a miya, ƙarfe biyun dare ina riƙe da waya ina sake lissafin da na riga na yi da magariba, ƙirjina yana dukan uku-uku.

Gwaggona ce ta zo dubiya ta kwana biyu. Da asuba ta ga na idar da sallah, tun ban gama shafa addu'a ba hannuna ya kai kan waya. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan sallar taki ai kaza ce take tsattsagar dawa. Koma ki zauna." Na ce Gwaggo abubuwa ne suka yi min yawa. Ta ce, "In kin tace ƙullu, tsayawa kike kina dama shi? Ai ajiye shi kike ya kwanta, sannan ki tsiyaye ruwan, ki ga abin da kika samu." Ta karɓe wayar ta sa ƙarƙashin cinyarta. Na ji kunya ƙwarai, don tun a islamiyya mun hardace cewa natsuwa tana cikin farillan sallah, mun kuma san labarin mutumin da Annabi (SAW) ya mayar har sau uku ya sake sallah saboda gaggawa. Sani ne kawai a ka.

Abin da ba wanda ya faɗa min, kuma nake so ki sani tun yanzu, shi ne kwanakin farko shirun ya fi hayaniyar ciwo. Da na zauna sai duk bashin da ake bina ya jeru a gabana, har da maganar da wata ta yaɓa min shekara uku da suka wuce. Minti biyar ya zama kamar wuni. A rana ta biyu kuka na yi sosai a kan daddumar. Mutane da yawa a nan suke tashi su ce abin ba nasu ba ne, alhali dattin da ma yana cikin ruwan, motsi ne ya hana a gan shi.

Ga yadda nake yi har yau. Bayan sallar asuba da azkar ba na tashi. Ina jingina da bango, in ɗora hannu a cinya, in shaƙi iska ta hanci ina ƙirga huɗu, in fitar da ita a hankali ina ƙirga shida ko takwas. Wata maƙwabciyata nas ce ta bayyana min dalilin: akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka zuciya da ciki, ita ce kamar birkin jiki, kuma duk lokacin da mutum ya ja fitar numfashi, bugun zuciya yana ɗan sassautawa. Ba a umartar zuciya ta daina tsoro, amma numfashi yana hannunki. Daga nan sai in saurari unguwa. Ladanin masallacin can nesa da ya makara, zakaran maƙwabta, mai ƙosai tana fasa itace, ƙarar jarkoki a kurar ɗan garuwa. Idan tunani ya zo, kuma zai zo, ba na kokawa da shi. Ina ɗaukarsa kamar baƙon da ya yi sallama ina tsaka da sallah: na ji shi, ya jira. Wani lokacin in riƙa maimaita istigfari a zuci, wani lokacin ko shi ba na yi, zama ne kawai.

Bayan kamar mako guda sai na ƙara takarda da biro. Idan na tashi daga zaman in rubuta abin da ya kwanta a ƙasa. Abin mamaki, kaya niƙi-niƙi da nake ɗauke da su a kai, da suka sauka a takarda ba su fi layi huɗu ba, kuma biyu daga ciki ba su ma a hannuna. Ciwon Inna na likita ne da Allah, nawa in ba ta magani a kan lokaci. Na adashi kuwa, na tara matan na faɗa musu gaskiya, muka dakatar da zubi wata ɗaya. Maganar ba ta ci minti goma ba. Mako uku na yi ina tsara ta a raina, ina ba kaina amsoshin baƙar maganar da ba wadda ta faɗa min.

Ki kuma duba abin da kike sa wa cikinki da yamma. Ni shayi mai kauri nake sha bayan isha'i, da ɗan ɓarin goro wai don in samu ƙarfin jinya. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi, kuma bayan awa biyar kusan rabinsa yana nan a jiki. Wayar ma a falo take kwana yanzu. Da ma na lura daren da aka ɗauke wuta caji ya ƙare, shi ne daren da nake samun barci.

Sai dai kada ki haɗa wannan shirun da wanda aka raine mu a kai. Mu mata an cika ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ki haɗiye, ki yi haƙuri. Na ga inda haɗiyar nan ta kai wasu, ana cikin hira sai dai a ji hawan jini ya kayar da su. Shirun da nake nufi na ɗan lokaci ne, ki keɓe ki dawo. Shi kansa i'itikafi kwana goma ne a ƙarshen azumi, sannan a fito a shiga mutane. Sau da yawa abin da zaman yake nuna min shi ne wa ya kamata in je in yi wa magana, har da maigidan.

In kuma kin kai mako biyu ko fiye abinci ya fita ranki, abin da da yake sa ki farin ciki ya daina, kina kuka ba dalili, ko kina jin gara ma ki mutu, to zama a kan dadduma kaɗai bai isa ba, ki je asibiti, ki faɗa wa wani naki yau ɗin nan. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano da kuma na Dawanau, a Kaduna akwai na Barnawa, a Sakkwato na Kware, Maiduguri ma akwai. Ba sai mai tsince-tsince a bola ke zuwa can ba. Ki sa a auna jininki ma, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo bugun ƙirji irin wannan.

Na san za ki ce da yara uku ina lokacin yake. Minti goma kafin ki tashe su ya isa, ko da a bakin murhu ne kina jiran ruwa ya tafasa. Tawa autar yanzu ta gano ni, takan lallaɓo ta kwanta a cinyata, ta ɗan yi shiru, can ta ɗago ta ce, "Umma, ƙullun ya kwanta? Ni yunwa nake ji."