Idan aka kawar da namun daji masu farauta, me zai sami daji?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa zaki da kura da kyarkeci suna cinye barewa da sauran dabbobi masu cin ciyawa. To idan aka kawar da su, ai sauran za su huta su yawaita. Me ya sa masana ke nacewa a kiyaye su?

Amsa: Za su yawaita kam, ɗan'uwa, amma daga yawan nan matsalar ke farawa. Idan babu mai rage masu cin ciyawa, sai su hayayyafa har su fi ƙarfin abin da ƙasa ke tsirarwa. Su cinye ciyawa, su koma kan ƙananan itatuwa tun ba su tasa ba. Daga nan yunwa da cuta su karɓi aikin da zaki ya bari. Shi zaki galibi tsofaffi da marasa lafiya da ƙanana ya fi samu, ita kuwa yunwa ba ta zaɓe.

An ga haka a gandun dajin Yellowstone na Amurka. Zuwa 1926 an riga an gama da kyarketan wurin. Wata irin babbar barewa mai rassan ƙaho ta samu sake, tana kiwo a bakin rafuka hankali kwance, tana datse tohon itatuwa da zarar ya leƙo. A 1995 da 1996 aka kawo kyarketai 31 daga Kanada aka saki. Barewar ta ragu, itatuwa suka farfaɗo a wasu wurare. Amma a yi hattara da masu cewa kyarkeci shi kaɗai ya gyara dajin har ya sauya wa koguna hanya. Akwai wasu namun dajin da ke cin barewar, akwai mafarauta a wajen gandun, ga kuma shekarun fari. A ganina an zuzuta labarin fiye da kima.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga bakin teku. Masanin halittu Robert Paine ya keɓe wani ɓangaren duwatsu a gaɓar jihar Washington ta Amurka, ya riƙa ɓamɓare wata halitta mai siffar tauraro yana jefa ta can cikin ruwa. Ita wannan halitta abincinta wasu masu ɓawo ne da ke manne wa dutse. Da babu ita, sai masu ɓawon suka mamaye dutsen, suka hana kowa wurin zama. A rahotonsa na 1966, nau'o'in halittun wurin sun sauko daga 15 zuwa 8. Ka ga ashe mai farautar ne ke hana mai ƙarfi danne raunana.

Ko mai cin mushe ma haka abin yake. A Indiya, daga shekarun 1990, ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda maganin diclofenac da ake ba shanu, wanda ke lalata ƙodar ungulu idan ta ci gawar. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka marasa masu suka samu abinci suka yawaita, haɗarin ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka haramta ba dabbobi maganin.

Dalilin nacewar masana kuwa, masu farauta dama ba su da yawa. Daga tsiro zuwa mai cin tsiro, daga shi zuwa mai cin nama, kusan kashi 10 cikin 100 na kuzarin abinci ne kawai ke haurawa kowane mataki. Shi ya sa garke mai ɗimbin yawa 'yan zakuna kaɗan yake iya ciyarwa. Kashe kaɗan daga cikinsu kan isa ya ƙarar da su a yanki guda, kuma maido da su kan ɗauki shekaru da dama.