Amsa ga Malamar da ta tambayi satifiket ɗin mai sulhu a kotu

Assalamu alaikum. Malama, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na yi shiru ina jiran lauyoyin da ke cikinmu su fara magana, sai na ga kowa ya ce "Allah ya ba da sa'a" ya wuce. Ga wanda bai gani ba: Malama ta ce ita malamar firamare ce, ta daɗe tana sasanta matan unguwarsu a kan rikicin adashi, na kishiyoyi, da na maƙwabta a kan kwata. Ta ga tallan wani kwas na kwana uku da ake ba da satifiket ɗin mai shiga tsakani, tana so ta san ko da shi kotu za ta riƙa ba ta aiki, ko kuwa sai lauya, kuma ko satifiket ɗin yana da wa'adi.

Ni ba lauya ba ne. Magatakardar kotu na yi har na ajiye aiki, bayan nan na shiga harkar sulhu, yau shekara 9 ke nan. Saboda haka maganar sai lauya, ki cire ta daga ranki. Dokar tahkimi da sulhu da ake aiki da ita yanzu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayu, 2023, ta maye gurbin ta 1988, ba ta ce sai lauya ba. Masu rikici su ke zaɓar wanda suka yarda da shi. A cikin waɗanda muke aiki tare akwai injiniya, akwai tsohon ma'aikacin banki, akwai wata ungozoma da ta yi ritaya wadda ta fi mu duka iya zama da ma'aurata.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar satifiket, domin takardu biyu ne ake kiransu da suna ɗaya. Akwai takardar da ke cewa kin halarta, akwai wadda ke cewa an gwada ki kin ci. Ni da kaina na taɓa biyan kuɗi na zauna kwana biyu a ɗakin taron wani otal, aka haska mana rubutu a bango, aka ba mu shinkafa da kaza, aka ɗauki hoto, aka miƙo mana takarda mai tambarin zinare. Da na kai ta cibiyar sulhu ta kotu, jami'ar da ke wurin ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Baba, awa nawa kuka yi? Wa ya zauna ya kalle ka kana sulhu?" Na rasa ta cewa. Takardar tana nan cikin akwati har yau, tare da rasit ɗin kuɗin.

To kafin ki biya ko sisi, ki yi wa masu kwas ɗin waɗannan tambayoyin da aka yi mini. Cibiyar IMI, wato cibiyar sulhu ta ƙasa da ƙasa da ke birnin Hague na ƙasar Holan, wadda ƙasashe da yawa ke duba ma'auninta, ba ta amincewa da horon da bai kai awa 40 ba, kuma dole a ciki a yi gwaji irin na wasan kwaikwayo: mutum biyu su zama masu rikici, ke ki zauna tsakaninsu, mai dubawa na gefe da biro. A nan gida, wadda aka fi sani ita ce ICMC, cibiyar horar da masu sulhu da aka kafa a 1999, hedikwatarta na Abuja. Matakanta uku ne, su ne haruffan nan da kike gani a bayan sunan mutane, AICMC, MICMC da FICMC. Wasu cibiyoyin sulhu na kotuna su ma suna shirya nasu horon. Kwas ɗin kwana uku ba lallai ya zama na banza ba, yana iya zama share fage. Amma idan suka ce babu gwaji, babu wanda ke faɗuwa, kin san abin da kike saya.

Ko da kin samu sahihiyar takarda, ba ita ce ke sa kotu ta turo miki shari'a ba. Wannan mataki ne daban. Cibiyoyin nan da ake kira Multi-Door Courthouse, wato kotu mai ƙofofi da yawa, kowacce tana da jerin sunayen masu sulhun da ta tantance, kuma daga cikin jerin take zaɓa. Tunanin ya samo asali ne daga wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Frank Sander, a 1976: mutum ya shigo kotu da matsalarsa, a duba, a nuna masa ƙofar da ta dace da ita, ba kowa a tura gaban alƙali ba. Legas ce ta fara a 2002, ta farko a Afirka, Abuja ta biyo a 2003, Kano ta buɗe tata a 2009. Kowacce da ƙa'idojinta da fom ɗinta, don haka ki taka ki je ta jiharku ki tambayi sharuɗɗan shiga jerin kafin ki zaɓi kwas. Da na yi haka da farko, da kuɗin otal ɗin nan na hannuna.

Shari'a kan zo cibiyar ta hanyar alƙali ya ga maganar ta fi dacewa da sasanci ya turo ta, ko mutum ya shigo da ƙafarsa tun bai shigar da ƙara ba. Idan an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙalin da ke kula da sashen ya amince, shi ke nan ta zama hukuncin kotu, ana iya zartar da ita kamar kowane hukunci. Kuma hukuncin da aka yi da yardar ɓangarori a babbar kotu ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu. Wannan shi ne bambancin aikin da sulhun tsakar gida: abin da kika rubuta yana iya sa a je a kwashe wa mutum kaya.

Yanzu bari in faɗa miki abin da zai fi ba ki wuya, don ni ma shi ya kayar da ni. Mu da muka taso muna ganin sulhun dattawa, mun saba da cewa mai sulhu shi ne mai magana. Ya saurari wannan, ya saurari wancan, ya ce "kai ne ba ka kyauta ba, ba shi haƙuri," ya kawo aya da hadisi, a shafa fatiha. A gwajina na farko haka na yi. An ba ni rikicin mai gida da ɗan haya, minti goma ban cika ba na gano mai gaskiya, na shiga nasiha. Ni a raina na burge. Mai dubawar ta nuna mini takardarta, ta ja layi duk lokacin da na buɗe baki: na fi su biyun magana in aka haɗa. Ta ce, "Ka yi alƙalanci mai kyau, sulhu ne dai ba ka yi ba." Na faɗi, sai da na sake zama.

A ƙa'idar kotu mai sulhu ba ya yanke hukunci, ba ya cewa wane ne mai laifi, ba ya tilasta wa kowa karɓa. Wanda ake ba wa ikon yanke hukunci shi ne mai tahkimi, kuma wannan wata ƙofa ce daban da horonta daban. Naki shi ne tambaya da saurare, da keɓewa da kowane ɓangare shi kaɗai in magana ta cije. A keɓewar nan ake jin gaskiyar zance. Na zauna da wasu 'yan kasuwar hatsi biyu a kan kuɗin buhunan riɗi, awa biyu ana ta lissafi ba a gaba ba a baya. Da na keɓe da mai bin bashin, ya yi shiru, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Malam, ba kuɗin ba ne. A gaban yarana ya ce mini maƙaryaci." Da na ce ko in gaya wa ɗayan, sai da ya daɗe yana murza hular kafin ya ce to. Ba na ɗaukar maganar keɓewa in kai ɗaya ɗakin sai na nemi izini, ko da ina ganin ita ce mabuɗin.

Sirri kuwa doka ce, ba ladabi kawai ba. Abin da aka faɗa a zaman sulhu, tayin da wani ya yi, ko amincewar da ya yi cewa ana bin sa wani abu, ba a ɗaukar su a kai gaban alƙali a matsayin shaida in sulhun ya rushe. Shi ya sa mutane ke sakin jiki. Ke da kike zaune cikin unguwa, wannan zai gwada ki: za ki haɗu da ƙanwar matar a gidan suna ta ja ki gefe ta ce "yaya kuka ƙare?" Haka nan idan kina da dangantaka da wani ɓangare, ko ɗansa na ajinki, ki faɗa tun kafin a zauna. Su ce sun yarda ko su nemi wani.

Waɗancan 'yan riɗin su suka koya mini rubutu. Mun daidaita, an yi musabaha, ni kuma don murna na rubuta cewa za a biya sauran kuɗin "bayan kaka". Wata huɗu sai ga su sun dawo. Ɗaya ya ce kaka ta wuce tun da aka yanke gero, ɗayan ya ce shi kakarsa sai ya sayar da wake. Laifina ne tsantsa. Yanzu ba na barin takarda ta fita sai da adadi da lamba da kalmomi, ranar biya, ta wace hanya, a hannun wa, da abin da zai biyo baya in ranar ta wuce. Kuma ina karanta musu da Hausa, layi-layi, ko da an rubuta da Turanci, don na sha ganin mai dangwala yatsa yana gyaɗa kai alhali bai ji komai ba.

Ba kuma kowace magana ake sasantawa ba. Fyaɗe, ko dukan da ya kai ga rauni, ba na teburinki ba ne, ki nuna musu hanyar hukuma. A rabon gado ma ki yi hattara. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, amma hadisin da ya halatta sulhu tsakanin Musulmi ya togace wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Idan aka kawo miki matar mamaci da 'yan'uwan mijinta biyar, kowa na cewa ta yi haƙuri ta bar musu gidan, ita kuma kanta na ƙasa, ki tabbata ta san rabonta tukuna, ta ji shi daga bakin malami ko alƙali. Abin da ta yafe bayan ta sani, nata ne. A nan ne nake ganin mata irinki sun fi mu amfani, don akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa a gabana ba.

Sai tambayarki ta ƙarshe, ko satifiket yana ƙarewa. Takardar kanta ba ta ruɓewa, amma zama mamba a cibiya yana tafiya ne da kuɗin shekara da halartar ƙarin horo, kuma masu riƙe da jerin sunaye suna lura da wanda ya daina zuwa. Lauyoyi ma tun ƙa'idojin aikinsu na 2007 aka wajabta musu ci gaba da karatu, aka kuma ce su sanar da wanda suke wakilta cewa akwai hanyar sulhu kafin a ruga kotu. Da ina ganin wannan duk hanyar karɓar kuɗinmu ce, kuma ba zan ɓoye miki ba, wasu tarukan shan shayi ne kawai da rabon jaka. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne dokar nan ta 2023. Wanda ya yi horo a 2015 ya naɗe tabarmarsa bai san cewa yanzu lokacin da aka ɗauka ana sulhu ba ya shiga lissafin wa'adin shigar da ƙara ba. Wannan kaɗai yana kwantar da hankalin mai ƙara da ke tsoron ana ja masa rai ne har lokaci ya ƙure. Bai san Najeriya ta shiga yarjejeniyar Singafo ba, wadda ke sa a iya zartar da sulhun kasuwanci tsakanin ƙasashen da suka amince da ita. Zaman sulhu ta Zoom kuma, wanda annobar korona ta tilasta mana a 2020, sai da wani yaro sa'an jikana ya koya mini yadda ake raba mutane ɗaki biyu a cikin kwamfuta, da yadda zan tabbata babu wani a bayan labule yana raɗa wa mutum amsa.

Ƙarin karatun da ya fi yi mini amfani bai zo da takarda ba. Zama ne a gefen wanda ya riga ni, da yardar masu rikicin, in yi shiru in kalla, bayan sun fita in tambaye shi don me ya yi tambaya kaza a lokaci kaza. Na yi haka sau shida kafin a ba ni zama ni kaɗai. Ki sayi littafi mai kauri ki riƙa rubuta kowane zama, ba da suna ba: irin rikicin, awa nawa, an daidaita ko ba a daidaita ba, me za ki sauya. Ranar da za ki nemi hawa mataki na gaba za a tambaye ki abin da kika yi, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa.

Maganar kuɗi kuma, kada ki ajiye alli tukuna. Shekarata ta farko abin da na samu bai mayar mini da kuɗin horo da na mota ba, kuma yawancin rikicin iyali da za a fara ba ki na masu ƙaramin ƙarfi ne. Ki yi shi a gefe, ranakun da ba ki da darasi ko lokacin hutu.

Ki turo mana hoton tallan kwas ɗin a nan in duba sunan cibiyar da suka ce ta amince da su. In kuma kin je cibiyar kotun, ki tafi da safe kafin a fara zama, ki nemi ganin mai kula da jerin sunayen, ki riƙe biro da takarda. Allah ya taimaka, a gaida mutanen gida.